Yadda Za Ka Zaga Ƙauyen Culross a Ƙafa, Daga Bakin Ruwa Zuwa Kan Tudu

Culross ƙauye ne a yankin Fife na ƙasar Scotland, yana zaune a gaɓar arewa ta mashigin tekun Forth, kuma mazaunansa ba su fi kimanin mutum 400 ba. Mutanen wurin "Kuros" suke cewa, haka kuma za ka faɗa wa direban bas idan kana so ya gane inda ka nufa. Yawancin baƙi sukan sauka, su ɗauki hoton babban gidan nan mai launin ruwan ɗorawa da ake kira Culross Palace, su sha shayi, su juya kafin awa ɗaya ta cika. A ganina asara suke yi, domin da wuya ka samu wani wuri a Birtaniya da garin kasuwanci na ƙarni na 17 ya tsaya cak da tituna da gidajensa kamar nan.

Abin da ya kamata ka riƙe tun kafin ka sa ƙafa shi ne dalilin da ya sa garin ya tsaya hakan. Culross ya yi kuɗi da kwal da gishiri da ƙira, kuɗi mai yawa, a cikin ɗan lokaci. Daga baya arzikin ya ƙaura ya bar mutanen ba su da halin rushe tsofaffin gidaje su gina sababbi. Talauci ne ya adana shi. Saboda haka na tsara zagayen nan yadda kuɗin ya bi: daga ruwa inda aka samo shi, zuwa gidan wanda ya tara shi, zuwa ɗakin da aka yi mulki da shi, har kan tudu inda aka binne masu shi.

Mataki na 1: Shiri kafin ranar tafiya

Scotland ɓangare ce ta Birtaniya, don haka bizar ziyara ta Birtaniya ita ce ke shigar da kai. Wanda yake karatu ko aiki a Edinburgh, Glasgow ko Dundee kuwa, tafiyar yini ɗaya ce kawai.

Zaɓi lokaci tsakanin bazara da farkon kaka na can, wato daga Afrilu zuwa Oktoba. Titunan ƙauyen a buɗe suke duk shekara, amma babban gidan da lambunsa suna hannun ƙungiyar kula da kayan tarihi ta National Trust for Scotland, kuma akan rufe cikin gidan a lokacin hunturu. Duba shafinsu na intanet kwana ɗaya kafin ka tashi, ka ga lokacin buɗewa da kuɗin shiga. A watan Yuni rana takan kai wajen ƙarfe 10 na dare ba ta faɗi ba, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya shigo. Wannan ya shafi sallolinka, sai ka duba jadawalin lokutan salla na ranar. Babu masallaci a ƙauyen, mafi kusa yana Dunfermline, saboda haka ka riƙe 'yar darduma a jaka.

Abu na biyu da za ka duba, wanda kusan kowa ke mantawa, shi ne jadawalin cikowa da janyewar ruwan teku. Sau biyu a yini ruwan Forth yake ja da baya ya bar fili na taɓo, kuma abu mafi muhimmanci a tarihin garin ba ya bayyana sai a wannan lokacin. Ka nemi ranar da janyewar za ta faɗo da hantsi.

Sa takalmi mai taushin ƙasa da ba ya santsi, ka ɗauki rigar ruwa ko da gari ya waye tas. Akwai wuraren shan shayi da cin abinci kaɗan, amma mai kiyaye halal gara ya zo da guzurinsa, ko ya tsaya a kan kifi da ganye.

Mataki na 2: Isa ƙauyen

Jirgin ƙasa na fasinja ba ya tsayawa a Culross. Daga tashar Waverley ta Edinburgh ka hau jirgin da ke zuwa Dunfermline. Zauna kusa da taga, don za ku haye gadar Forth, jar gadar ƙarfen nan da aka buɗe a 1890. Daga Dunfermline sai bas mai yin yamma ta bakin ruwa, tafiyar kimanin kilomita 12. Basukan ba su da yawa, musamman ranar Lahadi, don haka da saukarka ka tsallaka titi ka duba lokacin na komawa.

Mai mota yana da wuraren ajiyewa biyu, ɗaya a gabashin ƙauyen, ɗaya a yamma. Ajiye ta a can ka ƙarasa da ƙafa. Lungunan ciki an yi su ne don doki da amalanke, kuma gidajen da kake gani mutane ne ke kwana a cikinsu, kada ka leƙa taga ko ka tura ƙyaure don neman hoto.

Mataki na 3: Fara da bakin ruwa

Kada ka ruga cikin gari tukuna. Juya wa gidajen baya, ka tsallaka layin dogon da ya raba ƙauyen da teku ta wurin tsallakawar da aka tanada, ka nufi tsohuwar matsayar jiragen ruwa. Idan ruwa ya janye, ka dubi can cikin taɓon, nisan 'yan ɗaruruwan mita daga gaɓa, za ka hango tarin duwatsu. Ba ya kama ido, amma shi ne ragowar ramin kwal da ake kira Moat Pit, kuma ba don shi ba da babu ko ɗaya daga cikin manyan gidajen da ke bayanka.

Ga yadda abin ya faru. Ruhubanawan Kirista na gidan ibadar da ke kan tudu sun daɗe suna haƙar kwal a nan, amma ramukansu ba su da zurfi, ruwa yakan cika su a bar su. A 1575 aka ba wani matashin ɗan kasuwa mai suna George Bruce hayar ma'adinan. Ya lura cewa jijiyar kwal ɗin ta gangara ƙarƙashin teku ne, kuma mai son bin ta sai ya shawo kan abu biyu: ruwan da ke tsattsafowa, da rashin iskar shaƙa. Na farkon ya magance shi da wata na'ura da dawakai ke juyawa, sarƙa ce doguwa mai ɗauke da guga 36, rabi na gangarawa wofi, rabi na hawowa cike, dare da rana. Na biyun ne ya sa sunansa ya zaga Turai. Wajen 1590 ya sa aka gina zagayen katangar dutse a cikin tekun kanta, wadda ta fi ƙarfin cikowar ruwa, aka haƙa rijiya a tsakiyarta har ta haɗu da ramin da ya taso daga tudu. Da baki biyu, iska ta samu hanyar shiga da fita. Ƙari a kan haka, jirgin ruwa yakan tsaya a jikin katangar a loda masa kwal kai tsaye daga ƙarƙashin ƙasa, ba jaki ba amalanke.

Ana ba da labarin cewa Sarki James na VI na Scotland ya ziyarci ma'adinan a 1617. Ya shiga ta bakin tudu, aka bi da shi ta ƙarƙashi, da ya fito sai ya ga ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, ya ɗaga murya yana cewa an ci amanarsa, sai da Bruce ya nuna masa kwalekwalen da ke jiransa hankalinsa ya kwanta. A watan Maris na 1625 wata babbar guguwa ta fasa katangar, teku ta malale ramin, ba a sake farfaɗo da shi ba. A shekarar ne kuma Bruce ya rasu.

Kada ka yi gangancin taka taɓon don ka matsa kusa. Yana da laushi, yana riƙe ƙafa, ruwa kuma yana dawowa da sauri fiye da yadda baƙo ke zato.

Tun kana tsaye a nan, ka kawo gishiri cikin lissafi. Kwal mai kyau ana sayar da shi waje, garinsa da tsakuwarsa kuwa a nan bakin gaɓa ake ƙona su ƙarƙashin manyan farantan ƙarfe cike da ruwan teku, har ruwan ya ƙone gishiri ya kwanta. Akan zuba jinin shanu ko farin ƙwai a ciki don datti ya taso sama a kwashe. Ranar Lahadi doka ta hana aiki, sai a bar wutar ta lafa, gishirin ya daskare a hankali da manyan ƙwayoyi, shi ne kuma ya fi tsada. Gaɓar da kake gani fes yau, a wancan zamanin hayaƙi ne da tururi ba dare ba rana.

A nan nake so ka ɗan dakata, don allunan bayani sukan wuce wannan da sauri. A 1606 majalisar Scotland ta yi dokar da ta ɗaure masu haƙar kwal da masu dafa gishiri ga iyayen gidansu. Ma'aikaci ba shi da ikon barin aiki ya koma wani wuri sai da takardar ubangidansa, idan ya gudu a kamo shi a hukunta shi kamar ɓarawo. A aikace 'ya'ya ma sukan gaji wannan ƙangin. Maza ke sara a ƙasa, mata da yara ke ɗauko kwal a baya su hau da shi. Ba a fara kwance dokar ba sai 1775, ba a gama ba sai 1799, shigar mata da ƙananan yara cikin rami kuwa sai 1842 aka hana. Babu gida ko ɗaya a Culross da ke ɗauke da sunan ɗaya daga cikin mutanen nan. Ka shiga gari da su a ranka.

Mataki na 4: Gidan George Bruce

Koma ka tsallaka titi zuwa ginin mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira Culross Palace. Duk da sunan, ba sarkin da ya taɓa zama a cikinsa, gidan attajiri ne. Kafin ka shiga, tsaya a tsakar gida ka ɗaga kai ka dubi saman tagogi. A ɓangaren yamma an sassaƙa haruffa GB da shekarar 1597. A ɓangaren arewa kuwa SGB ne da 1611, domin a tsakanin shekarun an ba shi muƙamin Sir, ya kuwa ƙara harafin a bango kowa ya gani.

Dubi rufin. Jajayen tayil ɗin yumɓun nan masu lanƙwasa salon ƙasar Holan ne. Jiragen da suka kai kwal da gishiri can ba za su dawo wofi ba, don jirgi marar nauyi teku na wasa da shi, sai a cika cikinsa da tayil. Katakon da aka yi wa ɗakunan sutura da shi daga ƙasashen tekun Baltic ya zo, tayil ɗin daɓe da gilashi kuma daga Holan. Gidan kansa lissafin cinikin mai shi ne, kowane kaya yana gaya maka tashar da jiragensa suka je.

A ciki, abu biyu ne ba na so ka wuce. Na farko ɗakin ajiya, mai ƙofar ƙarfe da rufin dutse da kaurin bango, an gina shi yadda wuta ba za ta ci ba, ɓarawo ba zai fasa ba. Nan kuɗi da takardun yarjejeniya suke kwana. Na biyu ɗakin sama mai rufin katako lanƙwasasshe, wanda aka zane da hotuna gida-gida, kowane hoto da 'yar nasiha a rubuce ƙarƙashinsa kan haƙuri, riƙon amana, ko ruɗin duniya. Hasken ɗakin kaɗan ne da gangan, don kada fentin ya kwaranye. Ka ba idonka minti biyu ko uku ya saba kafin ka fara dubawa, kuma kada ka kunna fitilar waya. Ma'aikatan da ke tsaye a ɗakunan sun san gidan ciki da bai, ka tambaye su, suna jin daɗin a tambaye su.

Daga nan ka fita ta baya zuwa lambu, wanda aka yi hawa-hawa a jikin tudu, aka shuka shi da irin kayan miya da itatuwan 'ya'ya da ganyayen magani na wancan zamanin. Hanyoyin cikinsa da farfasassun ɓawon kifin teku aka shimfiɗa su, suna ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalmi, kaji kuma masu gajerun ƙafafu, tsohon irin Scotland, suna kiwo a gefe. Hau har hawa na ƙarshe. Daga can ake ganin jajayen rufin gari gaba ɗaya, da ruwa, da masana'antun man fetur na Grangemouth a ɗaya gaɓar.

Mataki na 5: Gidan majalisar gari

Taku kaɗan gabas da gidan Bruce akwai gini mai hasumiyar agogo da matakala biyu a gaba. An gina shi a 1626, aka ƙara hasumiyar a 1783. A ƙarshen ƙarni na 16 Sarki James na VI ya ɗaga Culross zuwa garin sarki, matsayin da ya ba 'yan kasuwarsa damar ciniki da ƙasashen waje kai tsaye, kuma a wannan ginin ake zaman majalisa, a yi shari'a, a tsare masu laifi da masu cin bashi. A gabansa akwai wurin da babban sikelin gari yake, inda ake auna kayan da za a fitar don a karɓi haraji.

Ɗakin da ke can ƙarƙashin rufi kuwa, a nan ake tsare matan da aka zarga da maita. Dokar Scotland ta 1563 ta sa hukuncin kisa a kan maita, ba a soke ta ba sai 1736, garuruwan gaɓar nan kuma sun yi ƙaurin suna wajen farautar. Hanyar samun "amsa laifi" ita ce hana mace barci kwana da kwanaki har ta faɗi abin da ake so ta faɗa. A 1675 an kai mata huɗu daga Culross zuwa Edinburgh aka kashe su. A Torryburn, ƙauye na gaba kaɗan ta gabas, wata tsohuwa mai suna Lilias Adie ta mutu a tsare a 1704, aka binne ta a cikin taɓon gaɓa, aka danne kabarin da faifan dutse wai don kada ta taso. Dutsen yana nan har yau. Galibin matan da aka zarga talakawa ne, tsofaffi, marasa mai tsaya musu.

Mutum-mutumin kai da kafaɗa da ke tsaye a filin gaban ginin na Thomas Cochrane ne, wanda aka haifa a 1775 ya kuma tashi a Culross. Ya yi suna a yaƙin ruwa da Faransa zamanin Napoleon, daga baya ya jagoranci rundunar ruwan Chile daga 1818, ta Brazil daga 1823, sannan ta Girka. A Chile har yau ana sa wa jiragen yaƙi sunansa.

Mataki na 6: Hawan lungu zuwa tsakiyar kasuwa

Bi lungun Back Causeway da ke hawa daga bayan gidan majalisa, idonka a ƙasa. Tsakiyar hanyar layi ne na manyan duwatsu masu faɗi da aka ɗan ɗaga, gefe da gefe kuwa ƙananan duwatsu ne masu gangara zuwa kwata. Tsakiyar ta masu hali ce. Talaka idan ya yi kiciɓis da babban mutum, shi zai sauka gefe inda ƙazantar gidaje ke gudu. Kusa da nan akwai wani lungu da har yau sunansa ke nufin "lungu mai wari".

A ƙarshen hawan za ka fito ɗan fili mai ginshiƙin dutse a tsakiya, alamar cewa gari yana da izinin cin kasuwa. Matakalar gindinsa tsohuwa ce, amma ginshiƙin da dokin nan mai ƙaho ɗaya da ke bisansa, tambarin Scotland, a 1902 aka ɗora su. Ɗaya daga cikin gidajen da ke kewaye da filin yana ɗauke da shekarar 1577. Dogon farin gidan mai hasumiya, wanda ɗakin ƙolinsa ya ɗan turo waje, ana kiransa The Study, an gina shi wajen 1610, kuma ana cewa Bishop Robert Leighton na Dunblane yakan keɓe a ɗakin saman ya yi nazari idan ya zo gari.

A nan ya dace a kawo sana'a ta uku. Maƙeran Culross sun shahara da ƙera wani faifan ƙarfe mai mariƙi, kamar kaskon da ake gasa gurasa, wanda ake ɗorawa a wuta a gasa wainar hatsi a kai. Kowane gida a Scotland yana bukatarsa, kuma a 1599 sarki ya tabbatar wa maƙeran garin cewa su kaɗai ke da ikon ƙera shi. Sun ci moriyar wannan fiye da shekara ɗari. Sai aka kafa masana'antar ƙarfe ta Carron a 1759, can ƙetaren ruwa kusa da Falkirk, ta fara zuba irinsa a mazubi da araha. Mai bugu da guduma ba zai iya gasa da ita ba. Gishirin Ingila mai araha ya karya na gida, cinikin teku ya koma yamma wajen Glasgow da Amurka, matsayar jiragen Culross ta cike da taɓo. Haka garin ya yi shekara fiye da 150 yana lalacewa a hankali.

Mataki na 7: Tanhouse Brae da gidan ibada

Wannan ne hawa mafi wuya, mai ciwon gwiwa ya bi a sannu. Titin ya samo sunansa daga majema, kuma idan ka lura da bangon gidaje za ka ga alamun sana'ar masu su a sassaƙe, kamar gatarin mahauci a jikin wani, da shekarun gini a saman ƙofofi. Akwai kuma tsohuwar rijiya a jikin bango wadda a da ake kulle ta don a tsara rabon ruwa.

A ƙoli sai gidan ibadar Culross, wanda Malcolm, basaraken Fife, ya kafa a 1217, ya kawo ruhubanawa daga Kinloss da ke arewa. Wurin ya riga su zama wurin ibada, domin ana danganta shi da wani malamin Kirista na ƙarni na 6 mai suna Serf. Labarin gargajiya ya ce wata 'yar sarki, Teneu, mahaifinta ya kore ta saboda cikin da take ɗauke da shi, aka sa ta a ƙaramin kwalekwale ba matuƙi, ruwa ya kawo ta gaɓar Culross, ta haihu a nan, Serf ya raini yaron. Yaron shi ne Mungo, wanda birnin Glasgow ke ɗauka a matsayin wanda ya kafa shi. Sunan da muka sani a wurin Mungo Park, ɗan Scotland ɗin da ya bi kogin Kwara ya mutu a Bussa a 1806, daga wannan Mungo ɗin ya samo asali.

Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da Scotland ta bar ɗariƙar Katolika, ruhubanawan suka ƙare, mutanen gari suka riƙa kwasar duwatsun ginin suna gina gidaje. Abin da ya rage kashi biyu ne. Kufan ɗakunan ruhubanawa yana hannun hukumar kula da wuraren tarihi ta Historic Environment Scotland. Ɓangaren gabas na majami'ar kuwa ya zama cocin gari a 1633, saboda haka ka shiga da natsuwa, idan ka tarar ana taro ka jira a waje.

Idan a buɗe take, nemi ɗakin kabarin zuriyar Bruce a gefen arewa. Ga George Bruce da matarsa Margaret Primrose a kwance, an sassaƙa su da farin dutse, 'ya'yansu takwas, maza 3 mata 5, a durƙushe a gabansu cikin tufafin zamanin. A jikin bango akwai allon da ke nuna inda aka ajiye zuciyar ɗan ɗan'uwansa, Edward Bruce, wanda aka kashe a fito-na-fito da takobi a Holan a 1613. An binne gawarsa a can, aka kawo zuciyar gida cikin akwatin azurfa, aka sake gano ta a 1808. Babban gidan da ke maƙwabtaka da majami'ar, inda Cochrane ya yi ƙuruciya, gidan mutane ne, ba a shiga.

Mataki na 8: Idan da sauran ƙarfi

Daga kan tudu akwai hanyar gona da ke yin yamma zuwa West Kirk, tsohuwar cocin da gari ya bari a 1633, tafiyar kimanin minti 20. Dokar Scotland ta 2003 ta ba mai tafiya a ƙafa damar ratsa filaye, da sharaɗin ya mayar da ƙyauren shinge yadda ya same shi, ya kuma nisanci dabbobi da amfanin gona. Ginin ba rufi, ciyawa ta cinye shi, amma duwatsun kaburburan sun cancanci tafiyar: guduma da kambi a na maƙeri, garma a na manomi, jirgi a na matuƙi. A nan ne kaɗai masu sana'ar hannu na garin suka bar alamarsu da yawa a wuri guda.

Wanda ya gaji ya gangara kai tsaye zuwa babban titi ya yi gabas. A bakin hanya akwai harsashin wata ƙaramar coci da Archbishop Robert Blackadder na Glasgow ya gina a 1503, a inda ake cewa an haifi Mungo. Minti biyar ya ishe ka.

Kana gangarowa, ka sake duban fararen gidajen da idon wanda ya san abin da ya same su. A farkon ƙarni na 20 da yawansu sun zama kango, ana shirin rushe su a matsayin unguwar da ba ta dace da zaman mutane ba. National Trust for Scotland, da aka kafa a 1931, ta sayi gidan Bruce a 1932, sannan ta ci gaba da sayen ƙananan gidajen. A 1960 ta fito da tsarin da na fi yabawa a duk aikinta: a sayi tsohon gida, a gyara shi, a sayar wa wanda zai zauna bisa sharaɗin ba zai ɓata fasalinsa ba, a ɗauki kuɗin a sayi na gaba. Shi ya sa za ka ga shanya a igiya da keken yara a ƙofar gidan da ya haura shekara 300.

Ka koma tashar bas da ratar minti goma kafin lokacin da ka duba da safe. Idan ka isa Dunfermline da sauran rana, majami'ar da aka binne Sarki Robert Bruce tana tsakiyar gari, ɗan ƙaramin gidan masaƙan da aka haifi Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka, a 1835 kuma yana gangare kaɗan da ita, duka biyun ana zuwa da ƙafa daga tashar jirgi.